Kaska da Sauro: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Ƙwarin da Ke Ɗauko Mana Cuta

Duk wanda ya taɓa kiwon rago a gida ya san yadda ake yi da kaska. A kama ragon, a ɗaga kunne ko a leƙa ƙarƙashin bindi, a tarar da ita ta sha jini ta yi suntum. Sai a sa farce a fizge ta, a matse ta tsakanin faratan manyan yatsu har ta fashe, jini ya fantsamo, a goge hannu a jikin riga a ci gaba da lalube. Sau da yawa yara ake bar wa wannan aiki, don ana ganin bai kai a ce babba ya tsaya a kansa ba. Haka muka tashi muka tarar, kuma galibin waɗanda suka yi ba abin da ya same su. Amma ɗan jinin nan da ke shiga ƙarƙashin farce yana iya ɗauke da cutar da ke kashe mutum cikin mako biyu, alhali ragon da aka ciro kaskar daga jikinsa yana nan garau yana cin harawarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan da ƙwari irin su sauro da kaska da ƙudaje masu cizo ke yaɗawa sun haura kashi 17 cikin 100 na dukkan cututtuka masu yaɗuwa, kuma suna cin rayuka sama da 700,000 duk shekara. Mu dai a ƙasar Hausa sauro muka sani, shi ma rabin sani. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, kowane ɗaya daga cikin ƙwarin nan yana da wurin kwanansa, da lokacin cizonsa, da inda yake zuba ƙwai. Gidan sauro ba ya hana kaska. Yashe kwata ba ya taɓa sauron da ke hayayyafa a cikin randa. Wanda bai san halin ƙwaron da ke damunsa ba, zai yi ta kashe kuɗi a inda ba nan matsalar take ba.

Bari mu daɗe kaɗan a kan kaska, domin ita ce aka fi rainawa. Hausawa sun yi mata kirari da raɓi mai jini, kuma sun lura daidai: ba ta tashi sama, ba ta tsalle, jira take yi mai jini ya zo ta maƙale. Ta macen idan ta ƙoshi sai ta saki dabbar ta faɗo ƙasa, ta shige tsagar bango ko ƙarƙashin busasshen taki a turke, ta zuba ƙwai dubbai. 'Ya'yan da ke fitowa ƙanana ne ƙwarai, da ƙyar ido ke ganinsu. Akwai wata irin kaska da masana ke kira hayaloma, mai ratsi-ratsi a ƙafafu, wadda ke son ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa irin tamu. Tana ƙarama takan sha jinin zomo da bushiya da tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa, in ta girma ta koma kan shanu da raƙuma da tumaki da awaki, ta laɓe a hantsa ko gindin wutsiya ko tsakanin kofato. Ita ba ta tsayawa jira a kan ciyawa kawai; in ta ji dabba ko mutum a kusa, rarrafowa take da sauri ta same shi.

Wannan kaskar ce ke ɗauke da zazzaɓin Kirimiya-Kwango. An fara bayyana cutar a yankin Kirimiya a 1944, aka sake samun ƙwayarta a Kwango a 1956, sai a 1969 aka gane abu ɗaya ne. Daga cikin mutum 100 da ta kwantar, tana kashe tsakanin 10 zuwa 40. Ƙwayar cutar tana wucewa daga uwar kaska zuwa ƙwanta, saboda haka turke guda na iya riƙe ta shekara da shekaru. Idan kaska mai cutar ta ciji dabba, ƙwayar takan zauna a jinin dabbar kamar mako guda, ba zazzaɓi, ba ƙin cin abinci, ba rama. Mutum kuwa yana kamuwa ta hanya uku: kaskar ta cije shi, ko ya fasa ta da hannu, ko jinin dabbar ya taɓa masa wani ɗan rauni ko ido ko baki a lokacin yanka da fiɗa. Daga nan mai jinya ma yana iya ɗauka daga jini ko aman majinyaci.

Farkonta ba ta da bambanci da zazzaɓin da muka saba: zafin jiki farat ɗaya, ciwon kai, ciwon wuya da baya, jiri, jan ido da ƙin haske, amai ko gudawa. Bayan 'yan kwanaki sai kasala da yawan barci, sannan jini ya fara nuna kansa: haɓo, dasashi na zubar da jini, ɗige-ɗige ja ko baƙaƙen tabo a fata, wurin da aka yi allura ya ƙi tsayawa. Waɗanda ke mutuwa galibi a mako na biyu ne. Babu allurar rigakafinta da ake yi wa jama'a, na mutum ko na dabba. Abin da ke ceton rai shi ne isa asibiti da wuri, a ƙara ruwa da jini, a kuma keɓe majinyacin.

A Iraƙi, daga Janairu zuwa Mayun 2022, an ba da rahoton mutum 212 da ake zargi ko aka tabbatar sun kamu, 27 suka rasu, kuma da yawansu makiyaya ne da mahauta. A Turkiyya da Pakistan hukumomin lafiya kan yi gargaɗi na musamman duk lokacin da Babbar Salla ta gabato. Kusa da mu, cutar ta ɓarke a Nuwakshot ta Muritaniya a 2003, ta kama ma'aikatan asibiti a Kurdufan ta Sudan a 2008, Senegal ma ta samu masu ita a 2023. A Najeriya kuwa, tun shekarun 1960 masu bincike a Ibadan suka samu ƙwayar a jikin kaska da dabbobin gida da bushiya, daga baya kuma gwajin jini a Borno ya nuna akwai mutanen da suka taɓa haɗuwa da ita. Waɗanda aka tabbatar sun kwanta da ita a nan ba su da yawa, kuma bai kamata a firgita kowa ba. Sai dai gwajinta ba a kowane asibiti ake yi ba, dabbobi kuma kullum suna ƙetaro iyaka zuwa kasuwanninmu, daga Maigatari zuwa Illela zuwa Potiskum. Cutar da ba a nemanta ba a cika ganinta ba.

Abin da za a yi ba mai tsada ba ne. Wanda zai sayi dabbar layya, in da hali ya saya da sauran mako biyu, ya sa malamin dabbobi ya yi mata maganin kaska, ya ɗaure ta nesa da ɗakin kwana. Mako biyun nan ya isa ƙwayar cutar ta bar jinin dabbar, in har wata kaskar ba ta sake cizonta ba. Malamin ne kuma zai faɗi kwanakin da za a jira bayan magani kafin a ci nama ko a sha nono, kuma kada a ɗauko maganin feshin gona a zuba wa dabba. Ranar yanka, mai rauni a hannu ya bar wa wani, ko ya sa safar hannu ta roba. In babu, leda mai kauri da aka ɗaure a wuyan hannu ta fi babu. A haƙa rami jini ya gangara ciki a binne. Yara su tsaya nesa da jinin da fatar, domin da zarar fata ta fara sanyi kaskar da ke jikinta sakinta take yi ta nemi wani mai ɗumi. Naman da aka dafa ko aka soya ya nuna ba shi da wata illa. Mahauta da masu fiɗa da 'yan kasuwar fata su ne suka fi kowa buƙatar jin wannan magana, kuma sarkin fawa na kowane gari zai iya isar da ita fiye da kowace takarda da za a liƙa a bango.

In kaska ta kama mutum, a sa matsefata a kamo ta daidai bakinta, dab da fata, a ja a hankali kai tsaye, ba murɗawa, ba matse cikinta. Kada a ɗiga mata kananzir ko a ɗosana mata wuta tana jikin mutum; cire ta nan take shi ne abin da ake so. Bayan ta fita a jefa ta cikin gwangwani mai ɗan kananzir, a wanke wurin da hannuwa da sabulu. Wanda ya dawo daga kiwo ko kara ya duba hammata, da matsematsi, da bayan kunne, da cikin gashi, ya duba wa yara su ma. Turke kuma a riƙa kwashe takinsa, a lilliƙe tsagogin bango. Makiyayi zai ci riba biyu, domin akwai wata babbar kaska mai zane a baya wadda ke buɗe wa kirci ƙofa a jikin shanu, ta lalata hantsa, ta karya darajar fata.

Akwai kuma wata kaska mai laushin jiki da ke zama a ramukan ɓeraye cikin ɗaki a ƙasashen Senegal da Mali da Muritaniya. Da dare take fitowa, ta sha jini na ɗan lokaci ta koma, mutum bai ma san an cije shi ba. Zazzaɓin da take kawowa yakan zo ya tafi ya dawo, ana ta shan maganin maleriya a banza, alhali wani maganin daban yake so.

Yanzu sauro. Mukan ce sauro kawai, amma waɗanda suka shafe mu iri uku ne, kuma a dukkansu ta mace ce ke cizo, don tana buƙatar jini kafin ta yi ƙwai. Mai yawan kuka a kunne da dare, wanda ke tasowa daga kwata da masai da ruwa mai wari, shi ne kuleks. Yana hana barci, amma ba shi ke kawo maleriya ba. Mai kawo maleriya shi ne anofilis, wanda in ya sauka a bango za ka ga ya ɗaga bayansa sama ya sunkuyar da kai. Shi ya fi son ruwa mara zurfi wanda rana ke bugu: ramin da aka haƙa aka yi tubali aka bari, sawun shanu a bakin kududdufi, sawun tayar mota a hanyar da ta caɓe, gefen gonar shinkafa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana goma zuwa mako biyu ya ishe shi a lokacin zafi. Shi ya sa zazzaɓi ke tsananta daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ko'ina ruwa ya kwanta. Mutane kan ɗora laifin a kan sabuwar masara ko ɗanyen gero ko dukan ruwan sama, don tare suke zuwa. Tun ranar 20 ga Agustan 1897 likita Ronald Ross ya ga ƙwayar maleriya a cikin sauro a Indiya, kuma har yau ba a sami wani abinci da ke haddasa ta ba.

A 2023 an ƙiyasta mutum miliyan 263 sun kamu da maleriya a duniya, kimanin 597,000 suka mutu. Najeriya kaɗai ke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa, da kusan kashi 3 cikin 10 na masu mutuwa, Nijar ma tana cikin ƙasashen da ke sahun gaba, kuma akasarin mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Wannan adadi yana ƙona mini rai, domin kayan kariyar suna hannunmu. Anofilis da dare yake cizo, saboda haka gidan sauro mai magani yana tare shi. Koke-koken da ake yi a kansa gaskiya ne, yana da zafi, sabo kuma yana sa ƙaiƙayin fuska. Maganin ƙaiƙayin shi ne a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a fara kwana a ciki. In zafi ya kori mutane tsakar gida, a fito da shi a kafa a can, a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma ko katifa. In ya huje a ɗinke. A wanke shi da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa. Gidan sauron da aka kewaye lambu da shi ya bar yaro a fili.

Sai maganin da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata a tsawon damina. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari, kuma a nan ne ake yawan sakaci. In ba a cika ukun ba kariyar ba ta cika. Mai juna biyu tana da nata da ake ba ta a wurin awo. Allurar rigakafin maleriya ma ta iso: Kamaru ta sa ta cikin rigakafin yara a Janairun 2024, Nijar ta fara daga Gaya a Satumba, Najeriya ta fara da jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba. Tana rage haɗari sosai, amma ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba. Fiya-fiya kuwa, da ake yayyafawa a rufe ɗaki, guba ce ta gona, kuma abin da take yi wa ƙirjin jariri ya fi cizon sauron muni.

Sauro na ukun shi ne wanda ya kamata mazauna birni su buɗe ido a kansa. Sunansa edis, baƙi ne ƙarami mai farin ratsi a ƙafafu, kuma da rana yake cizo, musamman da safe da kuma la'asar sakaliya, galibi a ƙafa da idon sawu. Ba ruwansa da kududdufi. Gidansa randa, da duro, da tankin da ba murfi, da tsohuwar taya a kan rufi, da kaskon ruwan kaji, da gwangwanin da aka yar a bayan ɗaki. Ku haska tocila cikin randar da ta kwana biyu ba a juye ba. In kun ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, suna nutsewa in inuwa ta faɗo musu, to sauro ne ake reno. Ƙwansa ba a kan ruwa yake zubawa ba, a jikin bangon mazubin yake liƙawa, ɗan sama da inda ruwa ya tsaya, kuma ƙwan na iya yin watanni a bushe ya ƙyanƙyashe ranar da ruwa ya sake taɓa shi. Don haka zubar da ruwan kaɗai bai wadatar ba, sai an sa soso an dirje cikin randar duk mako, an kuma rufe ta ruf.

Edis ne ke yaɗa shawara da zazzaɓin denge. Shawara ta ɓarke a jihar Bauci a 2019, daga yankin Alkaleri da gandun dajin Yankari, alhali allura guda ɗaya, wadda ake yi wa jariri a wata 9, tana kare mutum har iyakar ransa. Denge kuwa tana ƙara matsowa: a 2023 ta kashe mutum sama da 700 a Burkina Faso, ta ɓulla a Abeshe ta Cadi, aka kuma tabbatar da ita a Sakkwato a ƙarshen shekarar. Ga kuma wani baƙon anofilis daga Asiya da aka fara gani a Jibuti a 2012, aka same shi a jihar Gombe a 2020. Shi maleriya yake kawowa, amma a tankuna da durorin cikin gari yake ƙwai, ko da rani. Duk garin da famfo ba ya kawo ruwa, kowa na tara ruwa a gida, an shirya masa wurin zama.

Sauro kuma yana haɗa mu da dabbobinmu ta wata hanyar. A 2016 zazzaɓin Kwarin Rift ya kashe makiyaya a Cintabaraden da Tasara cikin jihar Tawa ta Nijar. Sauro ne ke yaɗa shi tsakanin dabbobi, mutane kuma su ɗauka wajen yanka ko taɓa ɗan da aka yi ɓarinsa. Idan tumaki da awaki suka fara ɓari da yawa a lokaci ɗaya bayan ruwa mai yawa, a sanar da malamin dabbobi, kada a taɓa da hannu tsirara, kada a sha nonon ba a tafasa ba.

Mutum ɗaya ba ya iya wannan yaƙi, domin sauron da ya ƙyanƙyashe a tayar maƙwabci ba ya tsayawa a katanga. Tarihinmu ya nuna abin da ake samu in an yi aikin tare. A shekarun 1930 ciwon barci, wanda tsando ke yaɗawa, ya addabi ƙasar Zazzau. Aka sassare kurmin bakin rafuka inda tsando ke fakewa a yankin Anchau, aka haƙa rijiyoyi don mata su daina zuwa rafi, aka gina sabon gari Takalafiya. An yi aikin ne da tilas irin ta mulkin mallaka, an tashi mutane daga gidajensu ba da son ransu ba, wannan kuma ba abin koyi ba ne. Amma cutar ta ja baya, don an bi ƙwaron har inda yake kwana. Misalin da ya fi kyau shi ne na makantar bakin kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai ƙwai a ruwa mai gudu ke yaɗawa. Bayan shekaru ana feshin koguna tun daga 1974, da kuma maganin Mectizan da aka fara bayarwa kyauta a 1987, sai aka miƙa rabon maganin ga ƙauyukan kansu: su zaɓi nasu mutum, ya bi gida-gida da sanda mai alama yana auna tsayi yana ba da ƙwaya. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta kawar da cutar, ƙasa ta farko a Afirka. Mai unguwa da liman da shugabar matan unguwa za su iya tsayar da rana ɗaya a mako ta dirje randuna da kife tayoyi da cike ramukan tubali, ba sai an jira kwangila ba.

Saura abin da za a faɗa a asibiti. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, kuma gwajin ɗigon jini a yatsa yana ba da amsa cikin kamar minti 15 zuwa 20. In gwajin ya nuna babu maleriya, kada a matsa wa mai kemis ya haɗa maganin maleriya da na taifot a tafi gida. Kafin a ga likita, farasitamol kaɗai za a sha. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini ga mai denge ko zazzaɓin kaska. Sannan a gaya wa likita abin da ba lalle ya tambaya ba: sana'ar majinyaci, ko ya yi yanka ko fiɗa, ko kaska ta cije shi, ko ya dawo daga wata kasuwar dabbobi, da kuma ranar da abin ya faru. Bayan cizon kaska, zazzaɓin Kirimiya-Kwango yakan bayyana cikin kwana 1 zuwa 3, ba ya wuce 9. Bayan taɓa jini kuwa kwana 5 zuwa 6, ba ya wuce 13. In jini ya fara fita ta hanci ko baki, mutum ɗaya ya tsaya jinya, ya rufe hannunsa da safa ko leda, a kai majinyacin babban asibiti a ranar, a kuma gaya wa ma'aikatan tun daga bakin ƙofa.